Lissafin tsargiya ya rikita ni, wace lekol ce cutar ta fi kamawa?

'Yar Hausare

Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu aikin lafiya da masu kan lissafi ku agaza min kafin kaina ya fashe. Ni ɗaliba ce a makarantar infirmiye nan Garwa, shekarar ƙarshe, kuma memwar ɗina, wato rubutun binciken kammala karatu, a kan tsargiya ne wajen yaran lekol, wato makarantar firamare, a ƙauyukan da ke ƙasan baraj, madatsar ruwa ta Lagdo. Ba zan sa ainihin lambobina ba tunda ban yi sutnans ba tukuna, wato kare memwar a gaban malamai, na ɗan juya su amma siffar abin haka take.

Lekol ta farko kanal ɗin shinkafa, wato magudanar ban ruwa, yana bayan aji ne, in ka jefa dutse daga taga cikin ruwa zai faɗa. Ƙarama ce, yara 60 na gwada fitsarinsu, 21 suna da ita. Ta biyu tana bakin kwalta, nesa da ruwa sosai, har furaj, wato rijiyar burtsatse, suke da shi a tsakar lekol, nan na gwada 240 na samu 36. To ni sai na haɗa duka masu cutar 57, na ce 36 cikin 57 ai kashi 63 ne, na rubuta cewa lekol ta biyu ce matsalar ta fi tsanani. Ankadira na, malamin da ke duba aikina, ya ja jan biro a kan shafin gaba ɗaya ya rubuta "sake tunani", shi ke nan fa, ba ƙarin bayani, ya kama hanyar Yawunde wai seminar, waya kuma ba ya ɗauka. A gefe ya ƙara rubuta wai in kawo ki-de da tazarar tabbas, wasu lissafe-lissafe ne na ƙididdiga, ni wlh tun aji ɗaya da aka koya mana istatistik ban sake waiwayarsa ba.

Ina kuskuren yake? Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, yaran da ke shan ruwan furaj a ina suka samo tsargiya har 36?

Metir Lissafi, Marwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, aikinki bai lalace ba, raba lambar ce kika yi da abin da bai kamata ba. Kashi 63 ɗin nan ba ƙarya ba ne amma amsar wata tambaya ce daban, yana gaya miki ne cikin marasa lafiyar da kika samu nawa ne suka fito daga lekol ta biyu. To dole su fi yawa mana tunda can kika gwada yara ninki huɗu. Kamar a ce an fi samun masu ciwon kai a babbar kasuwar Marwa a kan wata 'yar kasuwar ƙauye, ai ba abin mamaki ba ne, mutane ne suka fi yawa.

Kowace lekol ki raba masu cuta da yawan yaran da kika gwada a ita kanta. 21 a raba da 60, kashi 35 cikin ɗari. 36 a raba da 240, kashi 15. Kin ga labari ya juya. A bakin kanal yaro ɗaya cikin uku ne yake da ita, a bakin kwalta kusan ɗaya cikin bakwai. In kika raba 35 da 15 za ki samu 2.3, wato yaron bakin kanal ya fi ɗan uwansa yiwuwar kasancewa da cutar ninki biyu da ɗoriya.

Tazarar tabbas kuwa sunanta ne yake ba da tsoro. Ai ba duk yaran yankin kika gwada ba, ɗiba kika yi, kamar mai sayen gero da ya zura hannu a buhu ya damƙo ya duba. Da wasu 60 ɗin kika tarar ran nan da wataƙila 18 za ki samu ko 25. Tazarar tana faɗin iyakar inda gaskiyar take lilo ne. Ɗauki kalkuleta: 0.35 sau 0.65, raba da 60, cire tushen murabba'i, zai ba ki kusan 0.06, ki ninka da 1.96, ni dai 2 nake sawa in ina sauri, ya zama 0.12. To kashi 35 ɗinki yana tsakanin 23 da 47. Ki yi wa ta biyu haka, 0.15 sau 0.85 a raba da 240, za ki ƙare da wajen 10 zuwa 20. Lura da yadda ta 240 ta matse ta 60 kuma ta buɗe baki, yawan ɗiba ne ya jawo. Kuma saman ta biyu bai taɓo ƙasan ta farko ba, alama ce mai kyau cewa bambancin ba sa'a ba ce kawai.

Ki-de shi ma tambaya ɗaya yake yi, da a ce lekol biyun ba su da wani bambanci, me za mu sa ran gani? Duka yara 300, masu cuta 57, kashi 19. Kashi 19 na 60 shi ne 11.4, ke kuma 21 kika gani. Na 240 shi ne 45.6, kika ga 36. Ki zana tebur mai gida huɗu, masu cuta da marasa cuta a kowace lekol, kowane gida ki ɗebe abin da aka sa rai daga abin da aka gani, ki ninka shi da kansa, ki raba da abin da aka sa rai, sai ki tara huɗun. Na buga na samu kusan 12.5. A tebur mai gida huɗu in ya wuce 3.84 ana cewa da wuya a ce haɗuwar sa'a ce. Excel ma zai yi miki amma ki yi da hannu ko sau ɗaya, don ran sutnans juri, malaman da za su yi miki tambayoyi, suna gane wanda kwamfuta ta yi wa aiki.

Tambayarki ta biyu ba fagena ba ce, na bar wa likitoci.

Tsohon Labo

'Yata sannu da ƙoƙari. Metir ya gama miki lissafi tsaf, ni kuma zan ɗan tayar miki da hankali, ki yi haƙuri da tsoho. Shekaruna da yawa ina leƙa madubin labo, ɗakin gwaji na asibiti, kafin in yi ritaya, kuma abin da na koya shi ne lambar da ta shigo tebur da datti ba lissafin da zai wanke ta.

Ƙarfe nawa kika karɓi fitsarin? Tsutsar tsargiya ta fi zubo ƙwai da tsakar rana, shi ya sa ake karɓa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana. In lekol ɗaya kin isa ƙarfe 8 ɗayar kuma ƙarfe 12, to bambancin da kika gani wani ɓangarensa na agogo ne. Kuma da me kika gwada? Bandelet, 'yar takardar da ake tsomawa a fitsari, jini kawai take nunawa, ba ta ganin ƙwai, kuma jini a fitsari ba na tsargiya kaɗai ba ne, 'yan matan CM2, ajin ƙarshe na lekol, da suka fara al'ada za su iya ba ki ja alhali lafiyarsu lau. Tacewa ita ce ta gaske, a zuƙi mililita 10 da sirinji a tura ta matata a ɗora a gilashi, za ki ga ƙwan da ɗan tsininsa a ƙarshe kamar ƙaya, wanda ya taɓa gani sau ɗaya ba ya mantawa. Ko ita ma in cutar ba ta yi nauyi ba gwajin rana ɗaya yana iya kuskure ta. Sannan ki sa ido sosai, yara suna ba juna aron fitsari, na sha karɓar kwalba biyar masu launi ɗaya sak, ashe yaro ɗaya ne ya cika wa abokansa don suna jin kunya ko fitsarin ya ƙi zuwa.

Maganar furaj kuma, a nan mutane da yawa suke ɓata. Ba a shan tsargiya 'yata, ta fata take shiga. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ake kira Bulinus, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana maƙale a ƙarƙashin ganyen bado da ciyawar bakin ruwa. A cikinsa take hayayyafa wajen wata ɗaya ko fiye, sannan ya riƙa sako dubban 'ya'ya masu wutsiya cikin ruwa, su ma sun fi fitowa in rana ta take, daidai lokacin da yara suke tsalle cikin ruwa don zafi. Su huda fata su bi jini su je su zauna a jijiyoyin mafitsara, kuma tsutsar tana iya yin shekara uku zuwa biyar a jikin mutum, wani lokaci fiye. To yaron da ke shan furaj a lekol, Asabar da Lahadi ina yake wanka? Ina uwarsa take aikensa wanki? Hutun damina wajen wa ya je? Ruwa mai gudu da ƙarfi dodon koɗin nan ba ya so, kanal mai tafiya a hankali da kududdufi su ne gidansa. Wani irinsa ma in kududdufi ya ƙafe sai ya nutse cikin laka ya kwanta har ruwan sama ya dawo.

Tun 1851 wani likita Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira, daga sunansa Faransawa suka samo bilarziyoz da kuke rubutawa a takardunku. Mu dai tsargiya muka tashi muka ji ana faɗa.

dan kusuri 05

slm anty ni ba likita bane dan moto ne amma wlh wannan abin nasan shi a jikina, munyi wanka a kogin logon tun muna yara har ido yayi ja, kuma duk abokaina ba wanda baiyi fitsarin jini ba, mu a lokacin ma dauka mukeyi alamar girma ce, wanda baiyi ba har tsokanarsa akeyi wai shi yaro ne. ba wanda ya taba kaini asibiti akan haka sai da na girma mara ta dameni. abinda zance miki kinje lekol kin kirga yan lekol to yaran masunta fa da suke kwana a kwalekwale da almajirai da masu kiwo da suke kai shanu mashaya, su basa zuwa lekol kuma sune kullum cikin ruwa. ni a ganina ma duk wannan lissafin bata lokaci ne, kowa yasan duk inda ruwa yake akwai tsargiya, a kawo magani a rabawa kowa kawai a huta, kudin da ake kashewa a takarda da biro ai ya sayi kwaya dayawa

Maman Hanan, Njamena

Ɗan Kusuri maƙwabcina, gada ce kawai tsakaninmu, rabin maganarka zinariya ce rabin kuma ban yarda ba sam.

Inda ka yi gaskiya shi ne yaran da ba sa lekol. Ƙanwata wannan dole ki rubuta shi ɓaro-ɓaro a memwar ɗinki, cewa kashi 35 ɗin na 'yan lekol ne waɗanda suka zo ran da kika je, ba na yaran ƙauyen ba ne. Ko cikin 'yan lekol ɗin ma wanda ya tsere ya tafi kamun kifi ran nan wataƙila shi ya fi kowa cutar. Na yi aikin bi gida-gida na ƙidayar lafiya na wasu shekaru, kuma kullum wanda ba ka tarar a gida ba shi ne labarinsa ya bambanta da na sauran.

Amma ka ce lissafi ɓata lokaci ne, a'a. Shi kansa rabon maganin da kake so da lamba ake yanke shi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce inda masu cutar suka kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye, a ba kowa praziquantel, maganin tsargiya, sau ɗaya a shekara tun daga ɗan shekara biyu, manya ma har da su. To in ba a ƙirga ba ta yaya za a san ƙauyen da ya kai goma da wanda bai kai ba? Ka duba lekol ta biyu ta ƙanwarmu, kashi 15 ne amma tazarar da Metir ya fitar ta sauko har bakin 10, a kan iyaka take. Kuma ba gaskiya ba ne duk inda ruwa yake akwai ta daidai wa daida, ƙauye biyu a bakin kogi ɗaya wani ya cika da ita wani kaɗan, saboda a nan akwai mashigi mai ciyawa da ruwa a kwance, can kuma gaɓa ce mai yashi ruwa na wucewa da gudu.

Misalin da ya fi kusa da mu a nan Cadi shi ne kurkunu. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ne suke kamuwa da shi a shekara a duniya, yanzu a 'yan shekarun nan waɗanda ake samu a duk duniya ba su kai ashirin ba a shekara, kuma ba allura ba ƙwaya, tace ruwa ne da ƙirga kowane mutum ɗaya da bin sawun inda ya sha ruwa. A nan an ɗauka ya tafi, sai ga shi ya sake ɓullowa a 2010, kuma da aka zauna aka dubi inda masu cutar suke sai aka ga abin bai yi kama da na da ba, ba cunkushe suke a ƙauye ɗaya mai tafki ɗaya ba, a warwatse suke ɗaiɗai a bakin kogin Shari. Wannan warwatsuwar ce ta sa aka juya aka dubi karnuka, aka tarar su ma suna ɗauke da shi, har ake zargin kayan cikin kifi da ake zubar musu. Da ba a sa kowane ɗaya a taswira ba wa zai yi tunanin kare?

Ƙanwata abubuwa biyu zan ƙara miki a kan na Metir. Na farko shekaru. Tsargiya ta fi yawa a yara masu shekara goma zuwa sha biyar, su ne masu iyo, ƙanana ba su fara nisa ba manya kuma sun rage shiga. In a lekol ta bakin kanal manyan aji kika fi gwadawa, a ta kwalta kuma 'yan SIL, ajin farko, suka cika miki layi, to wani kaso na ninki biyun nan shekaru ne suka kawo shi ba kanal ba. Maganinsa ki raba teburinki, 'yan ƙasa da goma daban 'yan goma zuwa sama daban, maza daban mata daban, ki ga ko bambancin yana nan a kowane rukuni. Sai dai ki sani 60 in aka yanka ta huɗu abin da zai rage a kowane gida ɗan kaɗan ne, tazarar za ta yi faɗi, kar ki cika baki a kansa.

Na biyu, abin da kika auna shi ne masu ɗauke da ita a ranar da kika je, ba sababbin kamuwa ba. Tunda tsutsar tana shekaru a jiki, yaron da ya taso a bakin baraj iyayensa suka ƙaura bakin kwalta bara, a takardarki zai fito ne a matsayin ɗan lekol ta biyu. In ana son sanin inda ake kamuwa yanzu sai a ba yara magani a dawo bayan wasu watanni a ga su wa suka sake ɗauka. Wannan ya fi ƙarfin memwar ɗin infirmiye, amma ki ambata, juri suna son ɗalibin da ya san iyakar aikinsa.

Baraj kuma ba Lagdo kaɗai ba, ita an gama ta a 1982. A Senigal bayan an gama baraj na Diama a 1986 ruwan gishiri ya daina hawowa kogin, dodon koɗi ya samu wuri, cikin 'yan shekaru garin Richard Toll ya cika da tsargiyar hanji wadda da ba a san ta da yawa a wurin ba. In kina neman abin da za ki buɗe babin muhalli da shi, ga shi nan.

'Yar Hausare

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, usoko sosai. Metir na buga da hannu na samu 12.47, har na yi ihu a ɗaki ƙanwata ta zaci kunama ce. Anti Maman Hanan na duba fish ɗina, takardun da na cike, na rubuta shekaru da aji na kowane yaro, don haka zan iya rabawa, amma inda aka haife su da inda suke wanka ban tambaya ba ko kaɗan. Ɗan Kusuri Allah ya ƙara lafiya, maganar almajirai ta shige ni, akwai tsangaya kusa da lekol ta farko na wuce ta sau uku ban ko yi tunani ba.

Baba Tsohon Labo kuma kunya ta kama ni. Bandelet na yi amfani da ita duka, tacewa sai ga waɗanda suka nuna ja kawai saboda matatar ba ta isa ba. Kuma lekol ta bakin kwalta da sassafe na fara ta don ita ce a kan hanya, kafin ƙarfe 9 na gama rabin yaran, ta bakin kanal kuwa sai wajen azahar na isa saboda moto ya yi faci. Yanzu ya zan yi Baba, in zubar da na lekol ta biyu ne? Saura min sati biyar in ajiye memwar kuma kuɗin moto zuwa can da dawowa ba wasa ba ne.

Tsohon Labo

Kar ki zubar da komai 'yata. Kin rubuta lokacin da kika karɓi kowace kwalba? In kin rubuta, ko kina tuna ajin da kika fara da su, ki ware na safe da na bayan ƙarfe 10 a lekol ta biyun ki fitar wa kowanne kasonsa, in na safen ya yi ƙasa sosai kin ga hannun agogo da idonki, sai ki rubuta shi yadda yake, amma ki duba kar ya zama ƙananan aji ne kika fara da su, don nan ma maganar shekaru ta Maman Hanan za ta shigo. In kuɗin tafiya ɗaya zai samu, ki koma ki sake gwada ajin safen nan kaɗai da tsakar rana, ki sa su ɗan zagaya fili da gudu kafin su ba ki, kuma ƙarshen fitsarin ake so don nan ƙwai ya fi taruwa. Ki tafi da tambayoyi uku a takarda, ina kake wanka, ina ake wanki a gidanku, ina ka yi hutun damina. Ki fara gaida jauro, mai garin, kafin ki shiga tsangayar, malamin ba zai ba ki yaro ko ɗaya ba in ba ta hannunsa kika biyo ba.

Yaran 57 da kika samu, an ba su maganin kuwa? Ki tabbata sun ci abinci kafin su haɗiya, da yunwa yana sa jiri da amai. Matatar tace fitsari kuma ina da ragowar wasu a gida cikin kwali, ki turo wani unguwar Hausare kusa da masallaci bayan la'asar ya karɓa miki.